Manoma 200 ko ƙungiyoyi 10?

Duk wanda ya ce bincike ya nuna horar da manoma ƙungiya-ƙungiya ya fi bin su gona-gona amfani, a tambaye shi yadda ya yi ƙirgen. A ce a Gwarzo da Kabo an koya wa manoma 200 dabarar zuba taki, ƙungiyoyi 10 masu mutum 20. 'Yan ƙungiya ɗaya malamin gonarsu ɗaya, ruwan da ya sauka musu ɗaya, kuma suna leƙa gonar juna. Buhunan masararsu dole su yi kama, don haka ba shaidu 200 ba ne masu zaman kansu. Masana ƙididdiga kan yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, wato a ga bambanci inda babu. Kamanceceniya ta kashi 5 kacal tsakanin 'yan ƙungiya ɗaya tana mayar da nauyin mutum 200 zuwa kusan 103, kuma wanda ya ƙyale ta kuskurensa zai haura wancan mizani.

Mafita ita ce a ƙara yawan ƙungiyoyi. Wani zai ce hakan akwai tsada. Haka ne, amma kashe kuɗin gwamnati bisa sakamakon bogi ya fi tsada. Hukumar aikin gona ta KNARDA da masu bincike na Jami'ar Bayero, a riƙa saka ƙungiya cikin lissafi tun ranar tsara gwaji.