Gwajin Jini Kafin Tiyata: Takardar da Muke Karanta Layi Ɗaya Mu Ajiye

 Lokaci gajere ne, bari in shiga magana.

Batunmu sankarar cikin mahaifa ce, ba ta bakin mahaifa ba. Kun san a 2020 an ƙiyasta sababbin masu ita kusan 417,000 a duniya, ta kashe kusan 97,000, kuma tara cikin goma da zubar jini suke zuwa mana, galibi bayan al'ada ta ɗauke. Ba zan koya wa limamai alwala ba.

Ƙorafina na kullum shi ne yadda muke wulaƙanta cikakken gwajin jini. Za a kawo takardar daga lab, likita ya kai ido kan PCV, ya juya ga ɗan marar lafiya ya ce, "Malam, a nemo leda biyu kafin Talata." Shi ke nan. Sista ta maƙale takardar a bayan fayil, ba mai sake buɗe ta. Alhali sauran layukan suna da labari.

A Bergen ta ƙasar Norwe, binciken da Njølstad da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya nuna cewa ƙarancin jini, da hauhawar fararen ƙwayoyi, da yawan filatilet kafin aiki suna tafiya tare da ciwo mai zafi da gajeriyar rayuwa. Akwai dalili: ƙarin yakan saki sinadarin IL-6, shi kuma ya zuga hanta ta ƙara abin da ke sa ɓargo ya zubo filatilet. An tabbatar da wannan a sankarar ƙwan mace tun 2012.

Wanda na fi so mu tsaya a kai shi ne na Leeds a Ingila. Cummings da abokan aikinta sun bi mata 605, suka wallafa a 2015. Ba su sayi na'ura ba. Sun raba adadin nutrofil da na limfosait, suka ga cewa wadda sakamakonta ya kai 2.4 ko ya wuce ta fi fuskantar haɗari, haka ma wadda rabon filatilet da limfosait ɗinta ya kai 240, ko bayan an yi la'akari da shekaru da matakin ciwo. Lissafin da ɗalibin aji huɗu zai yi da waya ne: nutrofil 6.0, limfosait 1.5, amsa 4.

To amma kada kowa ya kwafi 2.4 ya liƙa a bangon ɗakin tiyata. Kusan dukkanmu 'yan Afirka ta Yamma ba mu da alamar Duffy a jikin jajayen ƙwayoyinmu, gadon da ke kare mu daga maleriyar vivax. Wannan gadon yana zuwa da ƙarancin nutrofil a jini, ba tare da wata cuta ba. Ke nan Hajiya mai shekara 62 tana iya zuwa da ciwon da ya riga ya kai kaluluwa, rabonta ya tsaya ƙasa da 2.4, mu ce alhamdu lillahi, alhali ma'aunin ne bai dace da ita ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, matar da ta shekara tana zubar jini kafin 'ya'yanta su kawo ta, sinadarin ayan ɗinta ya ƙare, kuma wannan kaɗai yana ɗaga filatilet. Ƙara maleriya da tsutsar ciki a kai. Iyakar da aka yanka a jikin matan Leeds ba za ta zauna mana daidai ba sai mun auna namu.

CA-125 ma haka. Ya wuce 35 yana iya nuna ciwo ya fita daga mahaifa, amma fibroid da tarin fuka na ciki da ciwon hanta duk suna ɗaga shi, kuma wannensu ne ba mu gani kullum?

Na san amsar wasu abokaina: wai duniya ta wuce nan, tun da aka raba ciwon gida huɗu ta ƙwayoyin halitta a 2013, FIGO kuma ta shigar da hakan cikin matakanta na 2023. Na ji. Ranar da gwajin ƙwayar halittar POLE ya zama abin da manomi zai iya biya wa matarsa, ku kira ni. Masu cewa rabon bai maye gurbin matakin ciwo da sakamakon nama ba kuwa, ban taɓa cewa ya maye ba.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A rubuta rabon nutrofil da limfosait a fuskar takardar tiyata ta kowace mai wannan ciwo. Wadda jininta ya nuna biyu ko uku daga alamun da na ambata, kada a yi mata aiki a inda ba mai iya duba kaluluwa, a tura ta asibitin koyarwa. A gyara ƙarancin ayan tun ranar da ta fara zuwa, ba daren aiki ba. Sannan a karɓi lambar waya biyu, tata da ta babban ɗanta, a riƙa kira har shekara biyar, don ba a sanin makomar wadda aka sallama aka manta. Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su haɗa rajista ɗaya, su fitar mana da iyakar da ta dace da matanmu.