Sanyin da Iyayenmu Ba Su Faɗa Ba

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya mai harkar fim ya gabatar a taron zumunci na rassan Manchester da Birmingham)



Tun da labari ya bazu cewa ina shirya fim, tambaya ɗaya ake yi mini: wane ne jarumin? Idan na ce babu jarumi, babu soyayya, babu rawa, sai a ce to me za mu kalla? Wannan tambayar nake so in amsa yau.

Akwai wani nau'in fim da ba a yin sa don kasuwa. Ba ya bin labari daga farko zuwa ƙarshe irin na Kannywood. Hoto da sauti da shiru ake jerawa, a bar mai kallo ya haɗa ma'anar da kansa. Kuma wanda ya fi shahara da shi a ƙasar nan ɗan Afirka ta Yamma ne, John Akomfrah, wanda aka haifa a Accra a 1957, aka kawo shi Ingila yana yaro. A 1982 shi da abokansa suka kafa Black Audio Film Collective. 'Yan uwa na Birmingham kun san unguwar Handsworth. Bayan tarzomar da aka yi a can a 1985, sun fitar da Handsworth Songs a 1986, fim ɗin da har gobe ake koyar da shi a jami'o'i.

Amma wanda ya hana ni barci shi ne The Nine Muses na 2010. Ya tono tsofaffin hotunan baƙin da suka zo Ingila daga Karibiyan da Afirka da Indiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu a Birmingham da kewayenta: masu saukowa daga jirgin ruwa, masu aiki a masana'antar narka ƙarfe. Sai ya tafi Alaska, inda ba abin da ido ke gani sai dusar ƙanƙara da duwatsu da ruwa, ya tsayar da mutum guda cikin rigar sanyi ruwan ɗorawa ko shuɗiya, ya juya wa kyamara baya. Ba ya magana, ba a ganin fuskarsa. Wurin kamar ba a duniyar nan ba.

Me ya haɗa Alaska da Birmingham? Duk wanda ya sauka a ƙasar nan cikin hunturu ya san amsar. Ku tuna safiyarku ta farko: sanyin da ya ratsa ƙashi, rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu, ka yi sallama a titi ba mai amsawa. Wannan kaɗaicin ne ya ɗauka. Titin Birmingham ba zai nuna shi ba, domin titi cike yake da mutane. Sai fili marar iyaka.

Ya sake yin haka a Vertigo Sea, wanda aka fara nunawa a baje kolin fasaha na Venice a 2015, shekarar da ɗan Najeriya Okwui Enwezor ya jagoranci bikin. Allo uku ne a jere, tsawon minti 48, an ɗauki wasu sassan a tsibirin Skye da tsibiran Faroe da arewacin Norway. Abin da ya zaburar da shi hira ce da ya ji a rediyo da wasu matasan Najeriya da suka tsira a ƙetaren Bahar Rum. An nuna shi a nan Manchester, a gidan Whitworth da ke Oxford Road, a 2017. Mu nawa ne a ɗakin nan muka je? Labarin yaranmu masu bi ta Agadas ne, amma wasu suka cika kujerun.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Na sha zama da dattawanmu da na'urar ɗaukar murya. Da zarar na kunna, amsar ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, mun gode Allah." Gaskiya ne, kuma tarbiyya ce. Bahaushe ba ya tallan wahalarsa. Amma sai an kashe na'ura wani Baba zai ce, "Ranar da aka binne mahaifiyata ina bakin aiki, sai bayan sati biyu wasiƙa ta iso." 'Ya'yansa da aka haifa a nan ba su taɓa jin wannan ba. Suna ganin kamar da makullin gida a hannu ya sauko daga jirgi. Kowace shekara muna rakiyar wani dattijo makwancinsa, shi da abin da bai faɗa ba.

A nan na ga amfanin mutumin da ya juya baya. Irin wannan fim ya dace da kunyarmu. Ba sai Hajiya ta zauna gaban kyamara ba, ba sai an ga hawayen kowa ba. Muryarta kawai, ko ma wani ya karanta maganarta, a ɗora a kan hoton dutse da hazo. An faɗi gaskiya, an kuma rufa asiri.

Ba sai mun je Alaska ba. Tafiyar kamar awa guda daga nan akwai Winnats Pass, kwazazzabo tsakanin duwatsun farar ƙasa kusa da Castleton, ga tudun Kinder Scout mai baƙin laka da duwatsun da iska ta sassaƙe. Can na fara ɗauka, da wani ƙanena sanye da babbar riga. Aikin ba wasa ba ne. Ana fita bayan asuba domin hasken da ake so bai wuce rabin awa. Kyamara a kafe take, a jira minti biyar ba motsi. Sanyi yana shanye batir, iska tana ɓata sauti, dole a ɗauki murya daban. Rana guda hazo ya rufe mu har ba na ganin wanda nake ɗauka. Da na duba a gida, wannan hoton ya fi duka kyau.

Rabi na biyu a gida yake. Tun 1976 Adamu Halilu ya nuna a fim ɗin Shaihu Umar cewa Sahara tana iya ɗaukar labarin rabuwar uwa da ɗa. Muna da Kufena a Zariya idan buji ya lulluɓe shi, muna da dutsen Kwatarkwashi, muna da tuddan yashi na Tulo-Tulowa a Yobe. Ina so yaron da aka haifa a Cheetham Hill ko Small Heath ya ga hazon Ingila ya narke ya zama hazon hunturun gida, ya gane cewa babansa ya rayu a tsakanin biyun.

Roƙona uku ne. Iyayenmu, ku ba mu aron kaset-kaset ɗin saƙon murya da aka riƙa aiko muku, da hotuna da wasiƙu. Za mu kwafa mu mayar, kuma ba abin da zai fita sai da yardarku. Matasa, muna neman masu mota da masu juriyar sanyi. 'Yan uwa na gida, idan hunturu ya kama, ku kafa waya wuri ɗaya ku ɗauko mana minti uku na dutse ko yashi, ba waƙa, ba magana.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.