Amsar Wasiƙunku: A jinginar da fadama don digirin dakta na karatu daga gida?

Yau wasiƙu uku ne a gabana, ɗaya daga Goronyo, ɗaya daga Rabah, ɗaya daga Wurno, kuma duk kan magana guda suka faɗa, shi ya sa na haɗa su.

Ta farko daga wani dattijo ce, manomin albasa da shinkafa a ƙasar Goronyo, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce babban ɗansa malamin makaranta ne a Sakkwato, ya riga ya yi digiri na ɗaya da na biyu. To, yaron ya zo masa da magana cewa ya sami wata jami'a a ƙasar waje da za ta ba shi digiri na uku, wato na dakta, yana zaune a gida, ta hanyar intanet. Kuɗin makarantar da dala ake biya, saboda haka yana so uban ya jinginar da fadamarsa ɗaya. Dattijon ya rufe da cewa, "Malam, ni ban yi boko ba. Shin ana zama dakta ba a je ko'ina ba, ko kuwa damfarar yaron nan za a yi?"

To, Baba, Allah ya ƙara girma. Amsar ita ce duka biyun akwai su. Ana yin karatun na gaskiya, ana kuma yin damfarar, har ma ta fi yawa a kasuwa.

Kafin mu shiga, bari in sallami mai wasiƙa ta biyu, wata uwa daga Rabah, wadda ta ce in ɗanta ya gama irin wannan karatu, zai iya duba marasa lafiya? A'a, Inna. Daktan asibiti daban, wannan daban. Shi wannan daktan bincike ne, ana samunsa a fannin noma, da tarihi, da Larabci, da lissafi, da sauransu, kuma ko allura bai iya ba. Akwai kuma na uku, na girmamawa, wanda jami'a kan ba babban mutum don yabawa da ayyukansa, ba tare da ya zauna jarrabawa ba. Shi kuwa likitanci ba a koyonsa daga gida ko kaɗan, sai an tsaya a gaban majinyaci.

Mu koma Goronyo. Baba, karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne, musamman gare ku mutanen wannan yanki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauye ba su iya barin ɗakunansu su zo karatu, sai ta zaɓi dattawan mata, ta karantar da su, ta naɗa musu malfa, aka kira su jajoji. Su ne ke ɗaukar karatun su kai wa mata har garuruwansu, su kuma riƙa komowa wurinta. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru. Ka lura da abu guda a ciki: ko da ɗaliba ba ta zauna kullum a gaban Nana ba, kowa ya san daga hannun wa karatun ya fito.

Su ma Turawa sun daɗe da nasu. Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa ga ɗaliban waje tun 1858. Ta wannan hanya Cif Obafemi Awolowo ya sami digirinsa na kasuwanci a 1944. Jami'ar Afirka ta Kudu da ake kira UNISA, wadda ke birnin Firitoriya, ta koma koyarwa ta gidan waya a 1946, kuma daga can Nelson Mandela ya sami digirin lauya a 1989 yana tsare. Ingila ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta a 1969. A nan gida, dattawan malamai da yawa sun ƙaro ilimi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976. Shugaba Shehu Shagari ya kafa buɗaɗɗiyar jami'ar Nijeriya a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, shi kansa kuma a can ya kammala digirin dakta a 2017. Saboda haka in ɗanka ya ce ana yi, bai yi maka ƙarya ba.

Amma mene ne shi digirin daktan? Nan ne mutane ke ruɗewa. Ba karatun aji ba ne da za a ba ka littafi ka haddace. Mutum zai ɗauki tambaya guda wadda ba a taɓa amsa ta ba, ya yi shekaru yana bin diddiginta. A ce, alal misali, me ke ruɓar da albasa a rudu tsakanin bazara da damina, kuma wace irin ajiya ce za ta rage asarar? Zai zagaya gonaki, ya auna, ya tambayi manoma, ya karanta abin da na gabansa suka rubuta, sannan ya rubuta kundi mai kauri. Duk wannan a ƙarƙashin malami guda ko biyu masu duba aikinsa babi-babi, suna mayar masa da shi da jan biro. A ƙarshe a zaunar da shi gaban masana, har da wanda aka gayyato daga wata jami'a, su yi ta yi masa tambayoyi na sa'o'i. A Ingila, wanda ba shi da wani aiki sai wannan yakan yi shekara 3 zuwa 4. Mai haɗawa da aikin albashi, irin ɗanka, yakan kai 6 ko fiye.

Ka ga ashe abin ya yi kama da ijaza ta malamanmu na zaure. In almajiri ya ce ya sauke littafi, ba takardar ake fara dubawa ba, cewa ake yi, "Wurin wa ka karanta? Shi kuma wa ya karantar da shi?" To, wannan tambayar ita za ka fara yi wa ɗanka. Ka ce ya faɗa maka sunan malamin da zai duba aikinsa, da abin da malamin ya rubuta, da ko sun taɓa magana baki da baki. Jami'o'in ƙwarai, irin su UNISA, ko Birmingham da Leicester a Ingila, ba sa ɗaukar ɗalibin dakta na nesa sai sun ga takardunsa, sun karanta tsarin binciken da ya ce zai yi, sun kuma tabbata suna da malamin da ya san fannin. Sukan ƙi mutane. Wasu ma kan ce lalle sai ɗalibi ya zo da kansa lokaci-lokaci. In makaranta ta karɓi ɗanka cikin kwana biyu, ba ta tambaye shi komai ba sai ranar da zai turo kuɗi, wannan cinikin biri a sama ne.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙar Wurno. Wani Alhaji mai fataucin tafarnuwa ya ce an yi masa tallar digirin dakta na wata shida, an ce kwarewarsa ta kasuwa ta isa, ya biya kawai a aiko masa da takarda da riga. Alhaji, riƙe kuɗinka ka ƙara jari. Kwarewarka gaskiya ce, amma takardar ta bogi ce. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sayi digiri na farko daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa shiga aji ba, har ya sami shiga bautar ƙasa da shi. A watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, daga baya a cikin shekarar ministan ilimi ya ce an gano masu irin waɗannan takardu sama da 22,000. Abin tausayin, a cikinsu akwai 'ya'yan talakawa da iyayensu suka sayar da shanu da zuciya ɗaya. In an yi wa digiri na farko haka, na uku ma ana yi masa.

Baba na Goronyo, ga tambaya ta biyu, kuma ita ce aka fi mantawa. Ko da makarantar ta gaskiya ce a ƙasarta, shin za a karɓi takardarta a nan? Takardar da aka samo daga waje, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ce ke tantance ta, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, kuma takan fitar da sunayen makarantun da ba ta yarda da su ba. Ɗanka ya rubuta musu tun kafin ya biya ko kwabo, ya faɗi sunan makarantar, ya kuma bayyana cewa daga gida zai yi karatun, kada ya ɓoye wannan. Ya kuma rubuta wa inda yake aiki, ya tambaya ko za su ƙara masa girma da ita. Amsar ta zo a rubuce da hatimi. "Wani abokina ya ce ana karɓa" ba amsa ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar kuɗi, wadda kai ka fi ni saninta. Bashin dala ga mai samun naira kamar ɗibar ruwa da kwando ne. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Cikin 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya fara irin wannan karatu a 2022 da lissafin albashinsa, kuɗin makarantarsa ya ninka uku bai ƙara ko aji ɗaya ba. Kuma ba biya ɗaya ba ne, kowace shekara ne har a gama. In fadama ɗaya ta biya shekara biyu, me zai biya sauran huɗun? Ga kuɗin kwamfuta, da na data, da wutar da za a yi caji. Ga sabis ɗin waya, wanda ku kun san halinsa: a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. Ɗalibin da malaminsa ke cikin waya, ran da aka rufe layi an rufe makarantarsa.

Kuma me takardar za ta dawo da shi? In ɗanka a jami'a yake koyarwa, lalle yana buƙatar ta, don da wuya ya kai babban matsayi ba tare da ita ba. In a sakandare yake, ko ofishin ƙaramar hukuma, ƙarin da zai gani a albashi ba zai fanshi fadama ba. Ita kuwa fadamar da ke shan ruwan madatsar Goronyo, ta damina da ta rani, tana ciyar da gida duk shekara, kuma ba ta ɗa ɗaya ba ce. Akwai ƙannensa, akwai mata, akwai gādo. Ni dai a ganina, kuma ra'ayina ne, ba a jinginar da abin da gida ke ci don takardar mutum ɗaya.

Ba cewa nake yi ka kashe wa yaron gwiwa ba. Ɗan da ya kai digiri na biyu yana neman na uku abin godiya ne. Amma ka tambaye shi me ya hana shi yi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda ke nan Sakkwato tun 1975, tana kuma ba da digirin dakta a fannoni da dama, har da noma. Da naira ake biya, malaminsa yana iya tarar da shi a ofis, ranar Juma'a kuma ya zo ya gaishe ka. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai Bayero a Kano. Zai ce maka akwai yajin aiki da jan lokaci, kuma gaskiyarsa, don a 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas ba su koyar ba. Wannan sai ku auna shi tare. In kuma ransa na kan ƙasar waje, ya nemi tallafin karatu wanda za a biya masa, ya yi ta nema ko da zai ɗauki shekara biyu.

Wani abin da zan so ka gaya masa: wani Bature, Murray Last, ya baro ƙasarsa ya zo Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu, yana karanta littattafai da wasiƙun Daular Usmaniyya. Da wannan bincike Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin dakta a 1964. Tarihin da ya rubuta, wani sashensa a Wurno aka yi shi, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, inda kuma ya rasu a 1837. Ka ga shi daga can ya zo neman abin da ke ƙofar gidanku. In ɗanka noman rani ko ajiyar albasa zai bincika, gonarka ce ɗakin gwajinsa, kai kuma kana cikin waɗanda zai yi wa tambaya.

Saboda haka, Baba, ka kira shi ku zauna, ka sa wani malamin jami'a da ka amince da shi a tsakani. Ya kawo sunan malaminsa, ya kawo amsar Abuja da ta wurin aikinsa a rubuce, ya kawo lissafin kuɗin shekara shida, ba na shekarar farko kaɗai ba. In sun cika, a duba abin da za a iya cirewa daga cinikin albasa in ta yi tsada a ƙarshen shekara, a ƙyale ƙasa. In ya kasa kawo ko ɗaya, a dakata.

Ba ka faɗa mana sunan makarantar ba a wasiƙarka. In ka sake rubutowa, ka sa shi ya rubuta sunan da ƙasar da take, za mu taya ku tambaya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, akwai wasiƙu kan tsutsar tumatir daga Rabah. A huta lafiya.