Kar Ka Shafa Wa Soron Kakanka Siminti

Yau ma daga Nassarawa GRA nake magana da ku, in kun ji ƙarar janareta ku yi haƙuri, na maƙwabta ne.

Makon jiya na roƙe ku ku turo min hoton abin da kuke yi da hannunku don sha'awa kawai, ba don albashi ba. Wallahi kun ba ni mamaki. Wata 'yar uwa mai karatun aikin jinya ta turo zayyana irin ta allon sauka, da tawada ja da rawaya, sai ka rantse a tsangaya ta tashi. Wani yaro ɗan sakandare ya haɗa Ƙofar Nassarawa da kwali da gam. Akwai ma'aikaciyar banki da ke saƙa faifai in ta dawo gida da daddare, ta ce shi ke sauke mata gajiyar lissafi. Masu ɗinkin hula kuwa ban ma iya ƙirga su ba.

Amma saƙo ɗaya ne ya tsaya min a rai. Wani ɗan uwa ne daga cikin gari, ma'aikaci ne, ya gaji soron kakansa. Kowace Asabar yana zuwa ya share, ya toshe tsaga, ya gyara ƙyaure. Sai ya ce, “Yaya, na tara 'yan kuɗi, ina so in yi wa soron filasta da siminti in huta. Me ka gani?”

Ɗan uwa, amsar a taƙaice ita ce a'a, don Allah kar ka yi. Zan faɗi dalili, amma bari in fara kai ku wani gida da ke nan unguwarmu, don shi ne hujjata.

Wajen titin Sokoto akwai Gidan Ɗan Hausa. Da yawanku kun sha wucewa ta wurin a adaidaita sahu ba ku taɓa leƙawa ba. Ɗan Hausa laƙabi ne da aka yi wa wani Bature, Hanns Vischer, haifaffen Basel a ƙasar Suwizalan a 1876, wanda ya yi wa Ingila aiki. Mutumin ya iya Hausa sosai, shi ya jawo masa sunan. A 1906 ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Borno, sannan a 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a nan Nassarawa, shekara 6 ke nan bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Ba waliyyi nake mayar da shi ba fa. Ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma makarantar an yi ta ne don samar wa mulkin nan ma'aikata. Sai dai abu biyu ya yi da suka shafi hirarmu. Na farko, a makarantar tasa akwai sashen koyar da sana'ar hannu, su kafinta da ƙira da aikin fata da ɗinki. Na biyu, gidan ƙasa ya zauna a ciki, ya gyara shi ya faɗaɗa shi a kan tsarin ginin Hausa. Sunan Bature gidan yake amsawa, amma hannun maginan Kano ne a jikinsa.

Gidan nan ya haura shekara 100, yana tsaye, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke kula da shi. Ka shiga da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a waje, ka ji yadda ɗakin yake. Ba fanka, ba komai. Bangon ne mai kauri yake shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi. Kuma ba wai ƙasar wurin ta fi ta sauran gari ba ce. Abin da ya tsayar da shi shi ne ba a daina taɓa shi ba.

To ku fito daga nan ku zagaya sauran GRA ku gani. Tsofaffin gidajen nan masu baranda da manyan bishiyun mangwaro da dogon yaro, ɗaya bayan ɗaya suna tafiya. Yau ka ga gida, bayan wata uku ka ga katafila, baɗi ka ga filaza ko gidajen haya takwas a filoti ɗaya, tsakar gida duk an malale da siminti, ko tsuntsu ba shi da wurin sauka. Ni ba na zagin magada. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyar, filin ya yi tsada, kowa da buƙatarsa, me kake so su yi? A cikin gari ma haka ne, sai dai can abin ya fi ciwo, don ba gini kaɗai ake rasawa ba, har da ilimin yin sa.

Bari in ɗan tsaya a kan ilimin nan, don mu 'yan boko mun raina shi ne saboda ba mu san shi ba.

Ginin Hausa da tubali yake farawa. Ana kwaɓa jar ƙasa da ruwa da ramno, wato yankakkiyar busasshiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta jiƙu, a sake tattakewa. Sai a cura ta da hannu, ƙasa da faɗi sama da tsini, a shanya a rana. Magini yana jera su tsinin yana kallon sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango daga ƙasa kauri gare shi, yana hawa yana sirancewa, don ya ɗauki nauyin kansa.

Rufi kuma da azara ake yi, wadda ake tsagowa daga giginya, saboda gara ba ta cika samun sa'arta ba. Amma azara tana da iyaka: in tazarar ta wuce wajen mita biyu, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. To ya za a yi babban zaure? Nan ne maginanmu suka nuna kansu. Suka riƙa ɗaura azara a kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, daga bango biyu har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Bakan gizo ke nan. In bakunan suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, shi ne ɗaurin guga. Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ba takarda, ba kwamfuta, lissafin duk a ka yake. A nan Kano ku je Gidan Makama ku ɗaga kai sama, gani ya kori ji.

Sai kuma abin da ya fi burge ni, wato yadda ake kare ginin daga ruwa. Akwai makuba, ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa yaɓe da ruwansa. Akwai kuma laso, simintin kakanninmu. Kun san da me ake haɗa shi? Da katsi, wato dattin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, a kwashe a shanya a ƙona a daka. A zuba gashin awaki da aka kankaro a majema. A kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Kun ga abin? Rufin soro ɗaya sai da marini irin na Ƙofar Mata ya sa hannu, majemi ya sa hannu, mai gonar ɗorawa ya sa hannu. Sharar wannan sana'a ita ce kayan aikin waccan. Shi ya sa duk rijiyar rinin da aka cike aka gina shago a kai, ba marina kaɗai suka yi asara ba, har da magina.

Yanzu mu zo kan siminti. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Haka rayuwarsa take. In ka shafa masa siminti ka toshe masa hanyar fitarwa. Kuma su biyun ba sa miƙewa da tsukewa tare in an yi zafi da sanyi, don haka dole filastar ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ya zauna yana jiƙa tubalin daga ciki. Daga waje kana ganin bango sumul da fenti, ciki kuwa ya zama kunu. Wata rana a watan Agusta filastar ta ɓallo gaba ɗaya, ta taho da rabin bangon. Na ga wannan da idona a gidan wata gwaggona: ɗan kwangila ya karɓi kuɗi, ya yi aiki mai sheƙi, damina uku kacal zauren ya zauna. Da yaɓen ƙasa ne, da ido kake ganin inda ya zaizaye, ka kwaɓa ka mayar.

Na san me za ku ce. Za ku ce wa ke da lokacin yaɓe duk shekara? Gaskiya ne, aiki ne. Amma ku dubi Jenne a ƙasar Mali. Babban masallacinsu na ƙasa, ginin yanzu na 1907 ne, kuma duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi, samari na tseren kai kwandunan laka, mata na ɗebo ruwa, ana kiɗa. Aikin da muke gudu su biki suka mayar da shi.

Ga misalin da ya fi kusa da mu, a jihar Tawa ta Nijar. A garin Yama, wani magini kuma manomi, Alhaji Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, mutanen gari na taimakawa kowa da abin da ya iya. A 1986 masallacin ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan, wadda ake gasarta a duniya. Sannan a Dandaji, duk a yankin nan, da aka buƙaci sabon masallaci, maimakon a rushe tsohon, Mariam Issoufou, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta suka gyara shi tare da maginan wurin, aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon a gefe da bulon ƙasa. An kammala a 2018. Hausawa ne 'yan uwanmu, ƙasa iri ɗaya, damina iri ɗaya.

Abin da ke ba ni tsoro a Kano shi ne shekarun gwanayen. Gini gado ne a wurinmu, har sarauta gare shi, Sarkin Magina. To 'ya'yan gidan da yawa sun koma bulo da kwano, kuma ba laifinsu ba ne, can kasuwa take. Wanda ba ɗan gado ba kuma kunya ta hana shi. Ka yi digiri a BUK a gan ka tsamo-tsamo cikin laka? Hajiya za ta ce an yi maka asiri. Nan ne nake ganin masu aikin sha'awa suna da abin da mai neman na cefane ba shi da shi. Kai ba da ginin za ka ci abinci ba, don haka kana iya ɓata Asabar goma kana koyon yaɓe ɗaya ba tare da ka yi asara ba. Yaron nan mai Ƙofar Nassarawa ta kwali, ya riga ya san tazara da daidaito, saura a sa masa ƙasa a hannu. Mai zayyana, dagin da take zanawa a takarda ɗan uwan wanda ake fitarwa a fuskar soro ne.

Saboda haka ɗan uwa mai soro, kuɗin simintin nan ka raba shi. Ka tambayi dattawan unguwarku wane tsohon magini ne ya rage. Ka je har gida ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, “Baba, aiki na kawo, amma da sharaɗin ni ne yaronka.” Ka biya shi haƙƙinsa cikakke, kar ka ce ai ilimi ne a ba ka kyauta. In ya yarda ka ɗauki bidiyo da wayarka, musamman awon haɗin, don nan ne sirrin yake, kuma irin abin da ba a rubutawa ne. Ka fara da katangar tsakar gida ko zanko ɗaya, inda ko ka ɓata ba wanda zai ji ciwo. Lokacin aikin kuma rani ne, ba sai hadari ya haɗo ba.

Amma ku saurare ni da kyau a nan, rufi ba wurin gwaji ba ne. Duk damina muna jin gini ya faɗa wa mutane suna barci, yawanci yara. In ka ga azara ta yi ciki, ko tana zubar da gari, ko danshi ya yi baƙi a kusurwar rufi, a fitar da mutane daga ɗakin a kira gwani ranar. Abin da kowa zai iya yi da kansa shi ne ya hau kafin ruwan farko ya buɗe indararo, ya cire ciyawar da ta tsiro, ya tabbatar ruwa ba ya kwanciya a gindin bango. Rabin gidajen da na ga sun zube, daga toshewar indararo abin ya fara.

Ita kuma 'yar uwa mai faifai, ban manta da ke ba, mako mai zuwa shirin naku ne, da masu hula. Kafin nan, duk wanda ya san wani tsohon magini da ke raye a Kano, Zariya, Katsina ko Damagaram, ya turo min sunan unguwar kawai ta akwatin saƙo, kar a sa lambar kowa a fili. Ina so in je in zauna da su tun kafin azumi.

Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.