Awon Basirar Ɗalibi

Kafin a kira yaro daƙiƙi, da me aka auna shi? A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwajin basira a Faransa, don gano ɗaliban da ke buƙatar ƙarin taimako. Yau ana amfani da irin su WISC na David Wechsler. To amma gwajin da aka daidaita kan yaran Amurka, in aka yi wa ɗan Bichi shi da Turanci, ni dai a ganina Turancinsa kawai aka gwada. Gwani ba ya tsayawa kan maki. Sai ya sa an duba idon yaron da kunnensa, ya zauna a bayan aji ya ga yadda yake kwafa daga allo, sannan ya ji ta bakin iyaye.