Likita a Gaban Alƙali: Waye Zai Tabbatar Magani ne Ya Lalata Gaɓar Yaro?

Ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau kotu za mu shiga, amma da likita za mu shiga. A ce an yi wa yaro allura ko an ba shi magani, bayan wata biyu gwiwarsa ta kumbura, tafiya ta gagara. Iyaye sun ce maganin ne. Wanda ya bayar ya ce a'a, cutar ce. Alƙali bai karanci likitanci ba, lauya ma haka. To wa zai raba gardamar?

Wannan tambaya an taɓa yin ta a nan Kano, kuma duniya ta ji. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kashe dubban mutane. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin IDH da ke Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani, ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka rayu da kurumta, ko shanyewar jiki, ko matsalar ƙwaƙwalwa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce ya nemi izini, kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar.

Ku tsaya a nan, domin a nan ƙullin yake. Trovan ɗan gidan wasu magunguna ne da aka san suna lalata guringuntsin gaɓa a jikin ƙananan dabbobi idan an gwada su, shi ya sa likitoci ke taka-tsantsan da su a kan yara. Amma shi ma sanƙarau da kansa yana iya kumbura gaɓa, kamar yadda yake kurmantar da mutum. Kun ga ke nan, yaron da ke ɗingishi yana iya zama hujjar iyaye, yana iya zama hujjar kamfani. Kuka da rantsuwa ba za su warware wannan ba. Sai wanda ya san gaɓa ciki da waje.

Shi wannan likitan ba shi ne likitan ƙashi irin na asibitin Dala ba. Na Dala aikinsa karaya, gocewar ƙashi da tiyata. Wanda nake nufi shi ne ƙwararre a kan amosanin gaɓɓai, abin da a gida muke tattarawa mu kira sanyin ƙashi. Fannin nasa ana ce masa rumatoloji. Shi ne zai duba hoton gaɓa da gwajin jini, ya karanta fayil, ya lissafa ranar da aka sha magani da ranar da kumburi ya fara, sannan ya ce wannan ya fi kama da aikin ƙwayar cuta, ko na magani, ko kuma ciwo ne da dama yaron yake da shi, kamar sikila. Irin waɗannan likitoci 'yan ƙalilan ne a ƙasar nan, galibi a manyan asibitocin koyarwa ake samun su.

Doka ta ba shi wurin zama. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre a kan abin da ya shafi kimiyya. Amma a kula, ra'ayi ne, alƙali ba dole ne ya ɗauka ba. Lauyan ɗaya ɓangaren zai tasa shi da tambayoyi: ina ka yi karatu, marasa lafiya irin wannan nawa ka gani, da me ka dogara? Kuma ko kai ka biya kuɗin aikinsa, ba ɗan amshin shatarka ba ne. Yana iya buɗe fayil ya ce maka, Malam, ba maganin ba ne. Ni a ganina wannan ma riba ce, gara ka ji tun a ofishinsa da ka sayar da gona ka je ka ji a kotu.

Mu koma kan Pfizer. Jaridar Washington Post ce ta fasa ƙwan a ƙarshen shekarar 2000. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, a 2009 aka sasanta a wajen kotu a kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, 30 ga ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a. Kamfanin bai amsa laifi ba. Da aka zo rabo, masu da'awa sun ninka yaran da aka yi gwajin a kansu, har sai da aka koma gwajin DNA kafin a tantance su. A watan Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Shekara 15 bayan an ba yaran maganin!

Abin da ya fi damuna shi ne wannan tantancewar. Tun kafin a kai ga tambayar me ya lalata jikin yaro, sai da aka sha fama a kan shin ma yana cikin yaran. Idan haka ta faru a cikin birni, a shari'ar da gwamnati ke tsaye a kai, yaya talakan da ke noma a bakin madatsar Challawa zai yi? Mu a nan, da yawanmu allura a kemis ake yi mana, babu kati, babu rasit, kwalin ma a bola yake kwana. Ko ka ɗauko farfesa daga Ingila, idan babu takarda ba shi da abin karantawa.

Saboda haka matasa, ku ne masu waya a hannu. Idan an kwantar da Inna ko ƙaninka, ɗauki hoton katin asibiti da takardar magani da kwalin, har lambar da ke jikinsa da ranar lalacewarsa. Rubuta ranar da kumburi ya fara da gaɓar da ta fara. Idan an tura ku Kano, ku riƙe takardar turawar. Ku nemi rahoton likita a rubuce, da sa hannu da hatimi. Sannan a ga lauya da wuri, domin ƙarar diyya tana da wa'adi, musamman idan hukumar gwamnati ce a ciki. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi Legal Aid Council, suna da ofis a Kano. Idan kuma ƙorafin a kan aikin likita ne, akwai hukumar MDCN mai ladabtar da likitoci, sai dai ita lasisi take taɓawa, diyya sai kotu.

Masu tambaya ku ajiye a ƙasa, amma don Allah kada a rubuta sunan mara lafiya ko na ma'aikacin asibiti. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.