Hoto da Lafiya a Kan Hanyar Gida: Abin da Muka Koyo Daga Zagayen Ƙasar Daura

(Jawabin da kwamitin tarihi da al'adu ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamanmu, shugabannin rassan ƙungiyarmu na Kano da Kaduna da Abuja da Legas, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyalinsa lafiya.

A taron da ya gabata an ɗora wa wannan kwamiti nauyin zagaya ƙananan hukumomi 5 na masarautarmu, wato Daura da Sandamu da Zango da Ɓaure da Mai'adua, domin ɗauko hotunan wuraren tarihi da kasuwanni da sana'o'in mutanenmu, saboda 'ya'yanmu da aka haifa a birane waɗanda ba su san gida ba sai a bakin iyaye. Mun je, mun dawo, kuma hotunan suna nan a bayan zauren nan ga mai son gani. Amma akwai wani abu da ya same mu a hanya wanda bai fito a hoto ko ɗaya ba, kuma muna ganin ɓoye shi cin amana ne. A kan hotunan da kuma wannan al'amari za mu yi bayani.

Dalilin Tafiyar

Da yawanmu mun tashi a lokacin da ɗaukar hoto sai da shiri. Mutum ya sa rigar Sallah ya je shagon mai hoto, ko kuma ya sayi fim mai ɗaukar hoto 36, ya riƙa tattalinsa kamar kuɗin guzuri, sannan ya jira a kai wanki. Bayan da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya kuma aka samu wayoyi masu kyamara, sai kowa ya zama mai hoto. Abin mamaki shi ne, hotuna sun yi yawa amma ajiya ta yi ƙaranci. Na da, gara da ɗigar ruwan damina suna cinye su a cikin akwatunan kakanninmu. Na yanzu kuwa suna tafiya ranar da waya ta faɗa ruwa ko ta shiga hannun ɓarawo.

A halin da ake ciki kuma garin yana sauya kama. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a shekarar ne kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, sannan a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda aka tsara ya ratsa ta Daura. Duk wannan alheri ne, muna kuma godiya. Sai dai inda ci gaba ya shiga, tsohon zaure da tsohuwar kuka da ragowar ganuwa su ne suke fara ba shi hanya. Wanda ya yi shekara 10 bai zo gida ba zai iya ɓata a unguwar da aka yanke masa cibiya.

Yadda Muka Yi Aikin

Mu 6 ne a mota ɗaya. Mun taso daga Kano ta Dambatta da Kazaure, muka iso Daura ana shirin ƙaramar Sallah, a tsakiyar bazara. A cikinmu akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya haura shekara 70, muna kiransa Baba Malam. Shi ne idonmu a tafiyar, domin mu muna da kyamara, shi kuwa yana da sunan kowane wuri da labarinsa.

Mun fara da kai gaisuwa fada domin neman izini da albarka. Daga nan muka nufi rijiyar Kusugu, inda tarihin baka ya nuna cewa Bayajida ya kashe macijin da ya hana mutanen Daurama ɗiban ruwa in ba ranar Juma'a ba. Mun ɗauki hawan Sallah da Hawan Magajiya, mun je kasuwar dabbobi ta Mai'adua, mun leƙa madatsar ruwa ta Sabke. A Zango, Baba Malam ya zaunar da mu ya yi mana bayanin yadda gidan sarautar Haɓe ya zauna a can bayan jihadi, har zuwa 1906 lokacin da Turawa suka maido da Malam Musa kan gadon Daura. Ya bi mana jerin daga Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, zuwa Sarki Muhammadu Bashar, daga 1966 zuwa 2007, har zuwa Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar da ya gaje shi a 2007. Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin Sarki.

Ga mai son yin irin wannan aiki, ga kaɗan daga abin da hanya ta koya mana. Hasken safiya da na bayan La'asar su ne suke fito da launin ginin ƙasa da adon doki. Rana tsaka tana wanke launi, tana kuma jefa inuwar rawani a kan fuska. Ƙura abokiyar gabar kyamara ce, don haka a riƙa rufe ta a jaka, kada kuma a goge gilashinta da bakin riga. Kada a bar waya ko kyamara a gaban mota cikin rana, domin zafi yana kashe batir. A yi sallama a nemi izini kafin a ɗauki kowa, musamman mata da yara da masu ƙaramar sana'a, domin talaucin mutum ba abin nuni ba ne. A shingen jami'an tsaro da kan iyaka irin ta Kongolam, a mayar da kyamara jaka. Abu mafi muhimmanci shi ne a rubuta sunan wuri da rana da wanda ya ba da bayani a daren da aka ɗauki hoton. Hoton da ba shi da suna, bayan shekara 20 ya zama maraya.

Abin da Ya Same Mu

A rana ta 5 muka ƙudura za mu kama hasken safiya a kan hanyar Ɓaure. Saboda haka da idar da sallar Asuba muka ɗau hanya, muka ce ma karya kumallo a gaba. Abin da ba mu sani ba shi ne, Baba Malam yana da ciwon sukari, ya kuma yi allurarsa ta safe kafin mu fito. Bai faɗa mana ba saboda kada a ce ya zama nauyi, mu kuma ba mu tambaya ba saboda kunya.

Wajen ƙarfe 10, muna tsakanin Zango da Ɓaure, mun tsaya ɗaukar wasu raƙuma, sai ƙaramin cikinmu ya lura gumi yana zubo wa Baba, hannunsa yana rawa. Ya ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya amsa da cewa, "Ba komai, yaro, jiri ne kawai. Ku gama aikinku kada rana ta ɗaga." Da muka sake yi masa magana sai muka ji amsar ba ta haɗuwa, yana kiran ɗayanmu da sunan wani ɗalibinsa na da. Nan hankalinmu ya tashi. Wani ya ce zafi ne, a zuba masa ruwa. Wani ya ce a juya Daura. Allah ya sa direbanmu ya taɓa jinyar mahaifiyarsa da irin wannan lalura. Shi ne ya duba aljihun Baba ya ga katin asibiti, ya ce, "Alhaji, sukarinsa ne ya sauka, a nemo abu mai zaƙi yanzu." Muka jiƙa sukari a ruwa muka ba shi tun yana iya haɗiya, muka bi shi da dabino. Kafin minti 20 ya dawo hayyacinsa, yana tambayar me ya sa muka kewaye shi.

Mun kai shi wani ƙaramin asibiti da ke kusa, malamin asibitin ya gwada shi, ya sa ya ci abinci, ya riƙe shi har Azahar. Ya kuma faɗa mana gaskiya ba tare da sakaye ba: da mun bar shi a kan cewa barci ne ya ɗauke shi a kujerar baya, da wataƙila wani labarin ake yi yanzu. Muna tsaye a gabanku muna amsa laifinmu. Mun tanadi batir na biyu da na uku domin kyamara, amma ba mu tanadi ko ƙwayar sukari domin mutum ba sai da sa'a ta sa muka samu a kayan shayin direba. Sauri ya so ya haifi nawa.

Shawarwari Ga Masu Tahowa Gida

Da yawa daga cikinmu mun kai shekarun da hawan jini da ciwon sukari suke zama abokan tafiya, kuma mukan yi doguwar hanya daga Legas ko Fatakwal ko Abuja a lokacin Sallah da Sallar Gani da biki da ta'aziyya. Don haka muna roƙon a riƙe waɗannan.

Na farko, mai lalura ya sanar da aƙalla mutum ɗaya a cikin motar, ya kuma sa takarda a aljihu mai ɗauke da sunan ciwonsa da magungunansa da lambar wanda za a kira. Ciwo ba abin kunya ba ne. Ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da ƙarin kwanaki, ya riƙe shi a jikinsa, kada ya sa a but ko a kayan da aka ɗaure a saman mota. Allurar insulin ba ta son zafi, ba a kuma daskarar da ita. A hanya a naɗe ta a jiƙaƙƙen ƙyalle, a gida kuwa in babu wuta, gindin randa ya fi kan taga.

Na biyu, a san alamun saukar sukari: gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, ruɗewar magana. Idan akwai na'urar gwaji, abin da ya gaza 70 ya sauka. A ba mutum ƙaramin cokali 3 na sukari a ruwa ko lemon kwalba mai zaƙi, a jira minti 15, in bai warware ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Idan ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Na uku, idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko harshe ya yi nauyi farat ɗaya, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Ba a jira a ga abin da gobe za ta yi, kuma ba a tsayawa shafe-shafe. Asibiti mafi kusa ake nufa.

Na huɗu, kowane lokaci da irin cutarsa. A bazara zafin ƙasarmu yakan haura digiri 40, wanda ya saba da sanyin ofis kuwa jikinsa ya manta. A sha ruwa tun kafin ƙishirwa. In gudawa ta kama mutum, a haɗa ruwa mai tsabta lita 1 da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A rani ne kuma sanƙarau yake yaɗuwa, waɗanda suka ga annobar 1996 ba sa buƙatar tuni. Zazzaɓi da sandarewar wuya ba abin jinkiri ba ne. Da hunturu masu asma su riƙe abin shaƙarsu. Da damina a kwana cikin gidan sauro, kuma duk zazzaɓin da ya biyo bayan tafiya a gwada jini kafin a sha magani.

Na biyar, direba ma mutum ne. A tsaya a huta, a miƙe ƙafa, kada a yi tuƙin dare don a cim ma hawa. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. Addininmu ma ya yi wa matafiyi da marar lafiya rangwame a sallah da azumi, bai kamata mu tsananta wa kanmu inda aka sauƙaƙa mana ba.

Kammalawa

Bayan wannan rana mun sauya tsari. Ba ma fita sai kowa ya karya, da rana tsaka kuma muna neman inuwa. Mun rasa hotuna da dama saboda haka, ba mu kuma yi nadama ba. A waɗannan sa'o'i na hutu ne muka kunna waya muka naɗi muryar Baba Malam yana ba da labarin garuruwa da zuriyoyi, abin da tun farko ba ya cikin shirinmu. Yau wannan murya ta fi duk hotunan daraja a wurinmu.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro buƙatu 3. A buɗe ma'ajiyar hotuna ta ƙungiya, kowane gida ya kawo tsofaffin hotunansa a kwafa a mayar masa da abinsa. A naɗi bayanan dattawanmu tun suna raye. Sannan kowane reshe ya ɗauki nauyin sayen na'urar gwajin sukari da ta awon jini domin ƙaramin asibiti ɗaya a ƙauyukanmu, tare da tsinken gwajin da zai riƙa ƙarewa. Mu baƙi ne na kwana 7, mun tsira. 'Yan'uwanmu da ke zaune a can kullum a kan wannan hanya suke.

Baba Malam yana nan tare da mu a sahun gaba, da izininsa kuma muka ba da wannan labari. Baba, mun gode, a yafe mana.

Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya, ya zaunar da ƙasar Daura da Jihar Katsina da Nijeriya lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.